Tulun Waken Iya

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka Mairuwa shi ne ɗakin Iya ba ya wari. Na ɗaga labule na yi sallama, na ja numfashi kamar yadda na saba, sai na ji ƙanshin sabulu da man zafi kawai. Iya kakata ce, ita ta haifi mamata, kuma tun ina ƙarama ɗakinta yana da wani wari nasa mai kaifi, wanda ke shiga hanci ya tsaya a maƙogwaro. Ko ɗankwali ta aiko mana Kankara, kafin a kwance ƙullin mun san inda ya fito. Warin wani ganye ne da ake kira bunsurun fadama.

"Wa nake ji kamar ƙawata?" in ji Iya daga kan gado. "Matso in gan ki. Kai, wannan tsawo ina za ki kai shi? Abinci suke ba ku a makarantar ko taki?"

Na durƙusa na gaishe ta, na yi dariya a cikin hijabi. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma in malama ta yi tambaya, sau da yawa na san amsar, amma sai ta tsaya mini a wuya har wata ta faɗa.

"Har yanzu bakin bai buɗe ba? To zauna, ni in yi ta mutum biyu, tawa da taki."

Hutun bazara ne, bara, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Zafi ake yi irin wanda kaji ke buɗe baki a gindin randa. Gidan na Kawu ne, ƙanen mamata, Iya kuma tana da ɗakinta da ɗan murhunta a gefe, don ba ta yarda a riƙa kawo mata tuwo kamar baƙuwa.

Ba a Mairuwa aka haifi Iya ba. Ƙauyensu yana can bayan Sabuwa. Da daji ya lalace mutane suka fara tashi, sai Kawu ya je ya ɗauko ta. Mamata ta ce ranar kowa abin da ya fi tsada yake rarumowa, katifa, keken ɗinki, tukwanen ƙarfe. Iya kuwa tulu ta rungumo, ta ɗora a cinya har aka iso. A cikin tulun akwai irin wake, ƙanana, ja-ja masu ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Wurin mahaifiyarta ta gaje shi. Ba a samunsa a kasuwa, kuma maƙwabtan da ta taɓa ba su iri duk sun warwatse, ba ta san inda suke ba. Kowace damina takan shuka shi a bayan gida jikin katanga, ta girbe, ta dafa faranti ɗaya kowa ya ɗanɗana, sauran ya koma tulu. Cewa take ajiya ce, ranar da hanya ta yi kyau a gonarta za a shuka shi.

Yadda take adana shi kuwa, wurin wata Bamagujiya ta koya, maƙwabciyarta a ƙauye, wadda ke shimfiɗa ganyen a rumbu kafin a jera dammunan dawa. In ruwa ya ɗauke sai Iya ta je fadama da kanta ta yanko bunsurun fadama, ta shanya a inuwa. Ta sa ganye a gindin tulu, ta zuba wake, ta sake sa ganye, haka har wuya, sannan ta toshe da tsumma ta kifa ƙoƙo. Ragowar ganyen ta rataye shi a ɗaki. Duk ranar Juma'a da hantsi takan buɗe tulun ta shinshina. In warin ya yi sanyi ta canza ganye. Kawu yana da nasa hanyoyin, buhu mai leda a ciki da ƙwayar maganin ƙwari da yake sayowa a kasuwar Sheme, kuma wakensa ba ya lalacewa. Ya sha ce mata ta kawo ya sa mata.

"Abin da aka ce kada mutum shi kwana ɗaki guda da shi? Ni da tulun nan ɗaki guda muke kwana. Riƙe abinka."

Washegarin zuwana na ga abu na biyu. Iya ta ɗora miyar kuka tana ba ni labarin wata akuya da ta taɓa yi mai cin sabulu. Miyar ta kama, ƙauri ya cika tsakar gida, ni har idona yana ruwa. Iya tana zaune dab da tukunyar, labarinta kawai take. Matar Kawu ta fito daga ɗaki da sauri, ta janye itace biyu, ta ɗan ƙara ruwa, ta koma abinta. Na dubi Iya. Ba ta ma san an yi ba.

Ranar Juma'a ta ce in jawo mata tulun daga bayan ƙofa. Ta cire ƙoƙon, ta zare tsumman, ta sunkuya ta sa hancinta a bakin tulun, ta ja numfashi mai tsawo. Ta ɗago ta gyaɗa kai.

"Da sauran ƙarfinshi," ta ce.

Ina kusa da ita, ban ji komai ba sai wani bashi-bashi kamar na tsohon buhu. Ganyen da ke sama ya koɗe, ya zama kamar takardar da ta sha rana. Sai na ga wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya fito yana tafiya a bayan hannunta, ya haye jijiyar da ta taso, ya buɗe fiffike ya tashi. Idon Iya ya daɗe da yin yana, ba ta gan shi ba.

Da zan mayar da tulun na ji cikinsa da ɗumi, ba irin ɗumin ɗaki ba. Na faki idonta na kara kunnena. Can ciki akwai wani ɗan motsi, kamar ana zuba yashi a hankali a kan tabarma. Ƙwaya ɗaya ta faɗo lokacin da ta zare tsumman, na tsince ta. Akwai huji a jikinta, zagayayye tas, da wasu fararen ɗigo ƙanana manne a ɓawon, waɗanda ba na halittar waken ba ne.

Na yini da ƙwayar nan a hannu. Na yi wanke-wanke da ita a bakin zane, na ci abinci da ita a tafin hagu. Yaya zan ce wa Iya hancinta ya daina aiki? Ita da a ƙauye ake cewa tana jin ƙanshin ruwa tun hadari bai haɗu ba. In kuma na yi shiru, ruwan shuka da saura, kafin nan babu abin da zai rage a tulun sai gari. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta ina komawa.

Bayan la'asar na same ta a kan buzu tana jan carbi. Na zauna har ta shafa. Hannunta na kamo, na buɗe tafin, na sa ƙwayar, na ɗora babban yatsanta a kan hujin.

Ta murza. Ta sake murzawa.

"Daga tulu?"

"Eh, Iya."

"Da yawa?"

"Ina jin motsinsu."

Ta rufe hannun, ta ɗora a ƙirji. "Tun zazzaɓin nan da na yi lokacin girbi," ta ce a hankali. "Na tashi, hancin bai tashi ba. Ban samu zuwa fadama ba, sai na mayar da ganyen bara waccan. Kullum in na buɗe sai in ce wataƙila yau in ji. Da ban ji ba sai in ce ai shina nan, ni ce ban ji." Ta yi ɗan murmushi. "Ashe mu biyu muka tsufa, ni da ganyen."

Na ji hawaye na zuwa, na sunkuyar da kai.

"A'a, ba kuka za a yi ba. Kuka na miya ne, shi ma kin ga yadda nake ƙona shi, ko ba haka ba? Ki faɗa mini gaskiya."

Na gyaɗa kai, sai ta fashe da dariya har tana tari. Daga nan ta ja kunnena, kada in gaya wa Kawu, don in ya ji zai raba ta da murhunta.

(Na yi mata alkawari, kuma na cika, ko da yake daga baya na gane ba a bukatar cikawar.)

Da rana ta take washegari muka shimfiɗa buhu a tsakar gida muka juye tulun. Gari ya tashi. Ƙwarin suka yi ta fitowa suna gudu zuwa gefen buhun, zafi ya dame su. Kaji suka taru, aka ba ni kara in tsare. Iya ta tsaya riƙe da tulun da babu komai, tana tambayata, "Yaya kika gani?" Na ce mata akwai masu kyau. Gaskiya ne, amma sai an nema.

Mun yi kwanaki muna tsinta a gindin bedin da ke ƙofar gida, itacen da wasu ke kira dogonyaro. Iya tana bi da yatsa, duk wadda ta ji huji ta jefa a kwano. Waɗanda ta ce lafiya lau sai ta turo mini faifai, ni kuma in duba da ido. Mai farin ɗigo ƙwan ƙwaro ne, in kankare da farce. Wata kuma babu huji, amma akwai wani ɗan zagaye mai duhu a ƙarƙashin ɓawon kamar taga a rufe. Wannan ƙwaron yana ciki bai fito ba. Ita ma kwano.

A nan ne bakina ya buɗe, ban san lokacin ba. Iya ce ta ja ni. Tana cewa tunda babu bunsurun fadama da rani, sai mu yi da ganyen bedi da toka da busasshen barkono, amma a inuwa za a shanya ganyen, rana tana shanye masa ƙarfi.

"Malamarmu ta kimiyya ta faɗa mana dalili," na ce.

"Iye! Ashe da murya. To Malama, karanta mini."

Na gaya mata abin da aka koya mana. Tsiro ba ya iya gudu, ba ya iya kore ƙwaro da wutsiya kamar saniya. Saboda haka daga abincin da yake haɗawa da hasken rana da ruwa, yakan ware wani kaso ya ƙera sinadarai na kare kai. Wani ɗaci ne, wani yaji, wani wari, wani guba. Ganye mai wari yana da wasu 'yan gashi ƙanana a jikinsa, kowanne da ɗan ƙullin mai a kai. Malama ta sa mun duba ganyen ɗoɗɗoya da madubin ƙara girma, muka gan su suna sheƙi kamar raɓa. Man nan shi ne warin, kuma a hankali yake bin iska. Ranar da ya ƙare, ganyen ya zama ciyawa kawai.

"To ai shi na faɗa miki, rana na shanye shi."

"Eh. Shi ne."

"Kuma sai da aka biya kuɗin makaranta."

Na yi dariya na ci gaba. Na ce na bedi ya fi wayo. Ƙwaro in ya ɗanɗana sai cin abinci ya fita ransa, tsutsa kuma ta kasa yin saɓa, ta kasa girma. Na ce baƙaƙen ɗigon da ke jikin ganyen auduga, waɗanda nake zato datti ne in mun bi ta gonakin Faskari, 'yan rumbunan guba ne. Iya ta ce ta yi shekaru tana tsinkar auduga, ta san ɗigon, ba ta taɓa tambayar aikinsa ba. Na ce wani tsiron ma sai an cije shi yake ƙara yawan maganin, masara kuma in tsutsa ta fara cin ta, takan saki wani ƙanshi da ke jawo wasu ƙwari masu kama da zanzaro, su zo su far wa tsutsar.

Iya ta ajiye faifai. "Masara? Ƙara take kaiwa?"

"Kusan haka."

"Ikon Allah. Ina noma ta shekara da shekaru, ashe tana da 'yan uwa a gari." Ta tsinko ganyen bedi ɗaya da ya faɗo a cinyarta, ta tauna gefensa, ta yamutsa fuska. "Wannan dai ina jin shi, harshen bai tahi ba. Ni duk zatona an yi ɗacin nan ne don masu zazzaɓi. Ashe faɗanshi yake da ƙwari, mu muka shigo rabon ganima."

Can sai ta ce, "To shi waken fa? Mi ya hana shi yin nashi?"

Na ce yana da nasa, yana kuma korar ƙwari da yawa, amma wannan ƙwaron ya saba da shi, cikinsa ya koyi narkar da abin. Kamar farar tumfafiya, babban ƙwaron nan mai launi-launi. Ruwan tumfafiya fari ne kamar nono, guba ne, dabbobi ba su cika kula ta ba, amma wannan farar a kanta take rayuwa, har ta tara gubar a jikinta.

"Shi ya sa ko kaza ba ta kallonta," in ji Iya. "Ga ado kamar mai zuwa biki, ba mai gayyatarta." Ta ɗebi waken a tafi tana shafawa. "Wato shi nawa ya yi iyakar ƙoƙarinshi, an fi ƙarfinshi. Sai an aro mishi na maƙwabta."

Tun daga ranar ban daina kallon ganyaye ba. In na ga wanda ƙwari suka yi wa kaca-kaca kusa da wanda ko tabo babu, sai in murza na biyun in shinshina.

Da muka gama, tulun da ya kusa cika ya koma ƙoƙo ɗaya, shi ma bai cika ba. Iya ta karɓa da hannu biyu tana jinjina nauyinsa. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ce, "Uwata da ƙasa da wannan ta fara." Muka tankaɗe toka mai sanyi da rariya, muka cuɗa waken a ciki har ya yi furu-furu, muka jera ganyen bedi da barkono, muka toshe. Barkonon ya sa ni atishawa har ban san sau nawa ba, Iya kuwa ko gezau, tana ta yi mini tsiya wai hancin 'yan boko ba ya da haƙuri.

Masu hujin ba ta zubar ba. Ta sa na sheƙe su, na wanke sosai, ta dafa da manja da albasa, ni kuma ina zaune kusa da tukunyar ina gaya mata lokacin da za a rage wuta. "A ci," ta ce, "kada ƙwaro shi ci shi kaɗai." Yana da garɗi kamar gyaɗa. Ta ci loma biyu ta tura mini sauran.

Sauran Juma'o'in hutun, ni nake shinshina tulun. Ita za ta buɗe, ta miƙo mini bakinsa, ta tsare ni da ido kamar mai jiran hukunci. In na ce da ƙarfinsa sai ta ce, "Kin tabbata, ko kunyata kike ji?" Amma ta gaya mini bedi na ɗan lokaci ne, zai riƙe zuwa shuka. Sabon irin da za a girbe, wanda zai yi watanni a tulu, bunsurun fadama yake so. Ni kuwa ban taɓa ganinsa a tsaye ba, busasshe kawai na sani. Ta kwatanta mini, kara mai kusurwa huɗu, kai kamar ƙaramin zangarniya, amma ta ce akwai masu kama da shi, da hannu da hanci ake rabe su. Hannun yana wurinta. Ƙafarta kuma ba ta kai ta fadama yanzu.

Ranar komawata Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa bakin titi inda ake samun motar Sheme. Kawu mutum ne mai tsare gida, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma kaina a ƙasa. Muna tsaye a inuwar wata rumfa muna jiran mota ta cika, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kin ga hancin nata ko?"

Na ƙura wa jakata ido.

"Mun daɗe da sani. Mun bar ta ne, kada ta ji an raina ta. Wutar murhun muke tsarewa." Ya goge fuska da hularsa. "Tulun ne bai zo mana a rai ba. Wallahi ko kaɗan."

Direba ya fara buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Kawu ya ɗauki jakata ya miƙa aka sa a baya. Na san in na shiga ban faɗa ba, sai kuma hutun bazara mai zuwa, lokacin ganyen ya bushe a fadama shanu sun tattake. Na riƙe ƙofar motar.

"Kawu."

Ya juyo da mamaki.

"In ruwa ya ɗauke, don Allah ka zo Kankara ka ɗauke ni, ko ranar Asabar ce. Ka kai mu fadama ni da Iya a babur, ita a tsakiya. Ita ta taɓa ganyen, ni in shinshina."